Labarin Robert Morrison, Makiyayin Ƙaramin Garke a Ƙasar Sin

Ya mai karatu, wataƙila kana cikin waɗanda su kan taru su uku ko su biyar a ɗakin wani ɗan'uwa ran Lahadi, ba majami'a, ba ƙararrawa, ba mai wa'azi sananne. Wataƙila kuma ka kan ce a ranka, shin wannan ɗan taro namu ya isa a kira shi ikkilisiya? Ina amfaninsa, ga shi shekara na bin shekara ba mu ƙaru ba? Domin wannan tambaya mu ka rubuta labarin wani bawan Allah wanda ya yi shekara 27 yana tara 'yan mutane kaɗan a ɗakinsa cikin baƙuwar ƙasa, sau da yawa ƙofa a kulle. Waɗanda a ka yi wa baftisma cikin dukan shekarun nan ba su wuce wajen mutum goma ba. Duk da haka ba ya cikin waɗanda su ka yi aikin banza.

Ƙuruciyarsa

An haifi Robert Morrison ran 5 ga Janairu, 1782, kusa da wani gari wai shi Morpeth a arewacin Ingila. Shi ne auta cikin 'ya'ya takwas. Yana da shekara uku iyayensa su ka ƙaura zuwa birnin Niyukasil. Ubansa masassaƙi ne, yana sassaƙa itacen nan mai siffar ƙafa wanda masu ɗinkin takalma su ke ɗora fata a kansa. Dattijo ne kuma cikin ikkilisiya, mai tara iyalinsa domin addu'a. Tun Robert yana yaro ya haddace Zabura ta 119 duka, mai aya 176, ya karanta ta da ka a gaban mutane.

Amma haddar yaro ba ita ce tuba ba. Da ya zama saurayi ya shiga sana'ar ubansa, sai ya faɗa cikin miyagun abokai, har ya taɓa shaye-shaye da maganganun banza. Zuciyarsa kuwa ba ta bar shi ya huta ba. Yana wajen shekara 16 ya ga nauyin zunubinsa, ya rabu da abokan nan, ya ba da kansa ga Yesu Kristi, a ka karɓe shi cikin ikkilisiya a 1798. Daga nan halinsa ya sāke. Ya kan yi sa'a goma sha biyu ko fiye yana sassaƙa, da littafi a buɗe a gabansa. In ya tashi daga aiki ya kan tafi gaishe da marasa lafiya, ya karanta musu Maganar Allah. Daga ɗan abin da ya ke samu ya biya wani malami ya koya masa Latin.

Tun a lokacin nan ya so ya tafi wata ƙasa da bishara. Amma uwarsa tana ƙaunarsa ƙwarai, ya kuwa yi mata alkawari ba zai yi nisa da ita ba muddin tana da rai. Ya cika alkawarinsa. Sai bayan rasuwarta a 1802 ya tafi Landan makarantar masu wa'azi, a farkon 1803. A 1804 ya miƙa kansa ga Jam'iyyar Mishan ta Landan. Da fari zuciyarsa ta karkata wajen Afirka, har ya yi tunanin Tumbutu. Roƙonsa ga Allah kuwa shi ne a sa shi inda wuya ta fi yawa. Shugabannin jam'iyya su ka zaɓa masa ƙasar Sin.

Shirin tafiya

Ba shi ne ya fara kai sunan Kristi ƙasar Sin ba. Tun shekara ta 635 waɗansu masu bi daga wajen Farisa sun isa can, 'yan Katolika kuma sun daɗe suna aiki a ƙasar. Amma a zamanin Morrison sarkin Sin ya hana addinin Kirista, kuma ba a taɓa buga Littafi Mai Tsarki da harshen mutanen ba. Aikin da a ka ɗora masa shi ne ya koyi harshen, ya shirya ƙamus, ya juya Littafi Mai Tsarki.

Ya zauna a Landan wajen shekara biyu yana shiri. Ya koyi ɗan aikin magani a asibiti, ya koyi ilmin taurari. Ya sami wani saurayi mutumin Sin, sunansa Yong Sam-tak, su ka zauna gida ɗaya yana koya masa harshe. Rubutun Sin ba shi da baƙaƙe 'yan kaɗan irin namu. Kowace kalma da alamarta, alamun kuwa dubbai ne, sai an haddace su ɗaya ɗaya. Wata rana Morrison ya gama haddace abin da malamin ya rubuta masa, sai ya jefa takardar a wuta. Bai sani ba mutanen Sin suna girmama takardar da ke da rubutu. Malamin ya husata, ya yi kwana uku bai koya masa kome ba. Morrison bai tsaya gardama a kan wanda ke da gaskiya ba. Ya gane lalle baƙo ya san abin da masu ƙasa su ke girmamawa, kada ya ɓata musu rai a kan abin da ba zunubi ba ne. Su biyun su ka kwafe wani tsohon littafi da ke ajiye a gidan tarihi na Landan, wanda wani mai wa'azi ɗan Katolika ya juya yawancin Sabon Alkawari a ciki.

A kwanakin nan Kamfanin Gabashin Indiya ne kaɗai ke da ikon cinikin Ingila da ƙasar Sin, ba ya kuwa ɗaukar masu bishara a jiragensa. Dole Morrison ya bi ta Amurka. Ya tashi a ƙarshen Janairu 1807. A Niyu Yok wani attajiri mai jirgi ya tambaye shi cikin ba'a ko da gaske yana tsammani zai iya taɓa bautar gumaka ta babbar daular nan. Morrison ya amsa masa cewa shi kam ba zai iya ba, amma yana sa rai Allah zai yi. Bayan kusan wata huɗu a kan teku ya sauka birnin Kanton, wanda yanzu a ke kira Guwangju, cikin watan Satumba 1807, yana da shekara 25.

Ƙasa mai rufaffiyar ƙofa

Abin da ya tarar ya isa ya karya zuciyar mutum. Ba a yarda baƙo ya shiga cikin birni ba. An keɓe wa fataken Turai wani ɗan tsiri na ƙasa a bakin kogi, bayan ganuwa, nan gidajen cinikinsu su ke. Ba a yarda matansu su zo ba. In lokacin ciniki ya wuce sai su koma Makao, wani gari a bakin teku wanda ke hannun mutanen Fotugal a lokacin. An kuma hana 'yan ƙasa su koya wa baƙo harshensu, horon mai yin haka yana iya kai ga kisa. Masu rubuta tarihinsa sun faɗi cewa cikin malamansa akwai wanda ya kan yi yawo da guba a jikinsa, domin in an kama shi ya sha, ya huta da azaba.

Morrison ya ɓuya a wani ɗaki na ƙasa cikin gidan fataken Amurka, yana karatu dare da rana. Da fari ya sa tufafin mutanen Sin, ya tara farce, ya yi kitson nan na mazansu, yana cin abincinsu da 'yan sanduna. Daga baya ya ga wannan bai jawo masa zuciyar kowa ba, sai dai ya sa a na zarginsa kamar mai ɓad da kama. Sai ya bari, ya koma shigarsa ta dā. Zaman ɗaki da ƙarancin abinci su ka raunana jikinsa, kaɗaici kuma ya dame shi, gama wasiƙa daga gida ta kan yi watanni da yawa a hanya.

Ran 20 ga Fabrairu, 1809, ya auri Mary Morton a Makao. A ranar nan kuma Kamfanin ya ɗauke shi tafinta a kan fam 500 a shekara, gama sun ga ba wanda ya kai shi sanin harshen. Wannan aiki ya ba shi dalilin zama a ƙasar bisa doka, ya kuma rage wa jam'iyyarsa nauyin ciyar da shi. Ya riƙe shi har shekara 25. Amma ba za mu ɓoye ba, aikin ya zo da nasa lahani. Kamfanin nan yana cin riba daga ofiyam, ƙwayar maye da a ke nomawa a Indiya a na shigar da ita ƙasar Sin ta ɓarauniyar hanya, ta kuwa hallaka mutane masu yawa. Saboda haka mutanen Sin da yawa su ka daɗe suna haɗa bishara da cinikin nan a ransu, gama ta ƙofa ɗaya su ka ga su biyun sun shigo. Wannan gargaɗi ne garemu. Inda mai bi ya ke cin abinci yana iya zama tuntuɓe ga masu kallonsa, ko da hannunsa yana da tsabta.

Ikkilisiyar cikin ɗaki

Ba shi da ikon yin wa'azi a kasuwa, ko ya gina ɗakin sujada, ko ya raba littattafai a fili. Me ya rage masa? Mutanen gidansa. Ran Lahadi ya kan ajiye dukan aikin Kamfani, ya kira masu yi masa hidima, da malamansa na harshe, da masu sassaƙa masa allunan bugu, da 'yan yaran da ya ke koya wa karatu. Su shiga ɗaki, a kulle ƙofa. Ya karanta musu abin da ya juya daga Littafi, ya bayyana ma'anarsa, ya yi addu'a da harshensu. Wani lokaci su biyu ne ko uku, wani lokaci su kai goma. Waɗansu sun zo ne domin kunyar maigida. Waɗansu su kan saurara su yi dariya a ɓoye. Waɗansu kuma su kan ce maganar tana da kyau, amma ba za su bar al'adar kakanninsu ba. In jita-jita ta tashi cewa hukuma tana bincike, sai su watse, wani ma ba za a ƙara ganinsa ba.

Morrison bai rena wannan taro ba. Ya shirya masa kamar yadda mutum zai shirya wa babbar majami'a. Domin su ya rubuta ɗan littafin tambaya da amsa a kan bangaskiya, ya juya addu'o'in safe da na yamma, ya shirya 'yan waƙoƙin sujada. Ya san ikkilisiyar farko ma a gidaje ta ke taruwa. Akila da Biriskilla, masu ɗinkin alfarwa waɗanda a ka kora daga Roma, sun mai da gidansu wurin taron masu bi a baƙuwar ƙasa. Filimon ma akwai ikkilisiya a gidansa. Ubangiji kuwa ya yi alkawarin kasancewa tare da masu taruwa cikin sunansa, ko da ba su wuce biyu ko uku ba.

Sai ka lura da abu guda. Waɗannan mutane suna tare da shi kullum. Su ke dafa masa abinci, su ke karɓar lada daga hannunsa, su ke ganinsa cikin gajiya da ciwon kai, wanda ya dame shi dukan kwanakinsa. Mai wa'azi a babban taro yana iya ɓoye halinsa, gama sa'a guda a ke ganinsa. Mai tara mutane a ɗakinsa ba shi da wurin ɓuya. Abin da ya faɗa ran Lahadi, a na auna shi da abin da ya yi ran Litinin.

Nunan fari

Cikin masu zuwa akwai wani saurayi wai shi Tsai Gao, ƙanen wani mai taimakon Morrison. Ya fara jin bishara a gidan tun wajen 1808, amma da fari bai gane ba, gama harshen Morrison bai faɗa ba tukuna. Daga baya a ka sa shi kula da bugun Sabon Alkawari. Mutum ne mai zafin rai, ya kan yi faɗa da wansa da sauran ma'aikata, har Morrison ya ga gara ya sallame shi daga aikin gidan. Wani da an yi masa haka sai ya yi fushi da maigida da addinin maigida gaba ɗaya. Amma Tsai Gao ya ci gaba da tahowa daga nesa ran Lahadi domin sujada. Ya fara addu'a shi kaɗai, ya furta laifofinsa, abokan zamansa kuma su ka ga halinsa yana sākewa.

Sa'ad da ya roƙi baftisma Morrison bai yi garaje ba, ko da ya ke shekara bakwai ke nan bai sami ko mutum ɗaya ba. Ya tambaye shi, ya sa ya rubuta bangaskiyarsa da hannunsa, ya duba zamansa. Sa'an nan ran 16 ga Yuli, 1814, su ka tafi wani wuri a gefen Makao inda ido ba ya kaiwa, inda wata maɓuɓɓuga ke fitowa daga gindin dutse a bakin teku. Nan ya yi masa baftisma cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Tsai Gao bai yi tsawon rai ba, ciwon huhu ya ɗauke shi bayan wajen shekara huɗu, amma ya riƙe bangaskiyarsa har ƙarshe.

Aikin Littafi

Duk cikin shekarun nan alƙalaminsa bai huta ba. A 1810 ya buga Ayyukan Manzanni, kofe 1,000. Bugun Sin a lokacin ba da injin ba ne. A kan sassaƙa kowane shafi a jikin allon itace, a shafa tawada, a danna takarda. Masu yin aikin suna sayar da ransu ne, saboda haka su kan tsawwala kuɗi. A 1812 doka ta fito daga sarki cewa mai buga littattafan Kirista da harshen Sin hukuncinsa kisa ne. Morrison ya juya dokar da Turanci ya aika wa jam'iyyarsa, ya sanar da su zai ci gaba, amma a hankali, ba tare da tsokanar hukuma ba. Ya gama Sabon Alkawari a 1813.

A shekarar nan a ka aiko masa da mataimaki, William Milne, wanda dā makiyayin tumaki ne a Sikotlan. Murnarsa ba ta daɗe ba, gama cikin 'yan kwanaki hukumar Makao ta umarci Milne ya fita. Su ka shirya Milne ya zauna a Malaka, cikin ƙasar Maleshiya ta yanzu, inda dokar sarkin Sin ba ta kai. Can su ka kafa wurin bugu, a 1818 kuma su ka sa harsashin makaranta inda 'yan Sin za su koyi Turanci, Turawa kuma su koyi harshen Sin. A 1815 manyan Kamfani a Landan su ka ji labarin littattafan da ya ke bugawa, su ka ba da umarni a kore shi. Amma wakilansu na Kanton ba su zartar ba, domin ba su da wani mai iya aikinsa, ba su kuwa taɓa samunsa da ha'inci ba.

Ran 25 ga Nuwamba, 1819, shi da Milne su ka gama juya Littafi Mai Tsarki duka. A ka buga shi a Malaka a 1823, cikin ƙananan littattafai 21. A shekarar nan kuma a ka gama buga babban ƙamus nasa na harshen Sin da Turanci, mai littafi 6 da shafi fiye da 4,500. Waɗanda su ka zo bayansa sun gyara juyinsa, sun yi wanda ya fi shi daɗin karatu. Amma a kan kafaɗarsa su ka tsaya.

Kwanakin baƙin ciki

Kada mai karatu ya zaci bawan Allah ba ya kuka. Ɗansu na fari ya mutu ran da a ka haife shi, da ƙyar Morrison ya sami wurin binne shi a kan wani tudu. Kowace shekara ya kan bar matarsa a Makao watanni da yawa, shi yana Kanton. Rashin lafiya ya sa ta koma Ingila da 'ya'yansu biyu a 1815, ba su sāke ganin juna ba sai 1820. Shekara guda bayan komowarta, ran 10 ga Yuni, 1821, ciwon amai da gudawa ya kashe ta, tana da ciki. A lokacin ba makabartar da za a sa ta a cikin gari, sai Kamfani ya sayi fili domin wannan. A 1822 kuma Milne ya rasu a Malaka. Morrison ya ragu shi kaɗai kamar ran da ya sauka. Da Lahadi ta zo kuwa, ya kan tara mutanensa ya buɗe Littafi.

Liyang Fa

Cikin masu sassaƙa allunan Sabon Alkawari akwai wani wai shi Liyang Fa. Maganar da ya ke sassaƙawa domin lada ta shiga zuciyarsa. Ya bi Milne zuwa Malaka, can a ka yi masa baftisma a 1816. A 1819 ya komo ƙasarsa, ya rubuta wani ɗan littafi domin danginsa. 'Yan doka su ka kama shi, su ka ƙone littattafan da allunan, su ka yi masa bulala 30 da gora har jini ya zuba, su ka ci shi tara. Morrison ya yi ƙoƙari har a ka sake shi. Dūkan nan bai sa ya yi shiru ba. Matarsa ta ba da gaskiya, shi da kansa ya yi mata baftisma a gidansu. Ga ikkilisiyar gida ta haifi wata ikkilisiyar gida.

A ƙarshen 1823, da Morrison zai tafi Ingila, bai bar garken a hannun wani Bature ba. Ya keɓe Liyang Fa ya zama mai bishara, ya danƙa masa aikin. A Ingila an girmama Morrison, ya miƙa wa Sarki Joji na Huɗu Littafi Mai Tsarki na harshen Sin, ya kai littattafan Sin wajen 10,000 domin masu koyo. Ya auri Eliza Armstrong a 1824. Da ya so da ya zauna gida cikin daraja. Amma a 1826 ya koma ɗakinsa na Kanton.

Ƙarshen kwanakinsa

A 1830 masu bishara na fari daga Amurka su ka iso, ya karɓe su da murna ko da ya ke ba 'yan jam'iyyarsa ba ne. A ƙarshen 1833 rashin lafiya ya sa matarsa ta tafi Ingila da ƙananan yara, ya ragu da babban ɗansa, John Robert. A 1834 ikon Kamfani ya ƙare, a ka naɗa shi tafintan wakilin gwamnatin Ingila. Ya raka wakilin zuwa Kanton cikin Yuli, jikinsa ya riga ya gaji. Ran Lahadinsa ta ƙarshe ya tara 'yan mutanensa su ka yi sujada kamar kullum. Ran 1 ga Agusta, 1834, ya rasu a hannun ɗansa, yana da shekara 52. A ka kai shi Makao a ka binne shi kusa da Mary. Kabarinsa yana nan har yau.

'Yan makonni bayan rasuwarsa a ka tsananta wa 'yan masu bin nan, Liyang Fa ya gudu daga ƙasar. Mai kallo a ranar da ya ce aikin ya mutu tare da mai shi. Amma Liyang Fa ya komo, ya yi ta wa'azi har mutuwarsa a 1855. A 1907 a ka yi babban taro a Shanghai domin tunawa da cikar shekara 100 da saukar Morrison. Yau masu kiran sunan Kristi a ƙasar Sin miliyoyi ne masu yawa, da yawa daga cikinsu kuwa a gidaje su ke taruwa.

Abin da za mu koya

Na fari, kada ka auna aikin Allah da ƙirgen kawuna. Abin da a ke nema ga mai hidima shi ne aminci. Shuka da ban ruwa namu ne, girma kuwa daga wurin Allah ya ke. Da yayyafi kogi kan cika.

Na biyu, ka fara daga gidanka. In ba ka da ikon yin magana a dandali, kana da matarka, da 'ya'yanka, da yaron shagonka, da baƙon da ya sauka wurinka. Ka sa lokaci, ku karanta, ku yi addu'a, kada ka fasa domin mutum biyu kaɗai su ka zo. Kada kuwa ka tilasta wa kowa, ko ka sayi kowa da abinci ko da aiki. Morrison ya sallami Tsai Gao daga aiki saboda halinsa, bai riƙe shi domin ya cika ɗaki ba.

Na uku, ka tsare halinka a gaban waɗanda su ka san ka. Ka biya lada a kan kari, ka riƙe harshenka, ka yi aikin ubangidanka da gaskiya, ko shi mai bi ne ko ba mai bi ba ne. Ka duba kuma irin cinikin da ka ke ci daga gare shi, kada ya zama abin zargi ga sunan Ubangiji.

Na huɗu, ka girmama mutanen da ka ke zaune cikinsu, ka koyi maganarsu da abin da su ke jin kunyarsa. Kada ka nemi tsanani da gangan. In kuwa ya zo saboda gaskiya, kada ka yi musun Mai Cetonka.

Na biyar, kai mai neman sanin hanyar nan, kada ka yi gaggawar baftisma domin ganin ido, kada kuma ka yi ta jinkiri bayan zuciyarka ta tabbata. Ka zo ka ji, ka yi tambaya, ka tuba, ka bar sabon hali ya shaide ka. Kai kuma da ke bi da taron, ka koya wa wani abin da ka sani tun kana nan, domin ran da ba ka nan a sami mai buɗe Littafi.

Allah ya ba mu haƙuri irin na bayinsa da su ka riga mu, ya tsare ƙananan garkunansa ko'ina su ke, ya sa a same mu da aminci a ranar Yesu Kristi. Amin.